Ƙarƙashin Dutsen Mata

Duk baƙon da ya tambaye ni lokacin da ya fi dacewa a zo tsibirin Mafia nutso, amsa ɗaya nake ba shi, ko ido ba na ƙiftawa: ka bari Kusi ta faɗi. Kusi iskar kudu ce. Tana tasowa bayan ruwan saman Afrilu, ta yi ta dukan teku har wajen Satumba, ruwa ya yi sanyi, ya yi kore, ya gauraye da yashi. Da Oktoba ta kama sai ta lafa. Daga nan har Fabrairu ruwa kan kwanta ya yi garau, kana zaune a jirgi kana kallon kifin da ke ƙasa. Wanda ya ji maganata ya koma gida da labari. Wanda ya ce shi hutunsa a Yuli yake, to bismillah, ya zo, zan riƙe masa kai yana amai a gefen jirgi, ba zan ce masa uffan ba.

Sunana Tunu. A gidan nutson da nake aiki a Utende ni kaɗai ce mace cikin masu kai baƙi ƙarƙashin ruwa, kuma ba yabon kai ba, a kan maganar zaɓen lokaci ban taɓa jin kunya ba.

Gwaggo Mwanakombo yayar mahaifina ce, tana zaune a Juani, ɗan tsibirinmu na asali da ke tsallake. Tun tana 'yar mitsitsiya take kamun pweza, dabbar nan ta teku mai hannu takwas. Sana'ar mata ce a wurinmu. Duk sabon wata da cikar wata ana samun kwanakin da muke kira bamvua, ruwa ya janye can nesa ya bar falalen dutsen murjani a fili. Sai mata su ɗaura zane, su ɗauki tsinken ƙarfe da buhu, su bi dutsen suna zungurar ramuka har su kai baki, inda dutsen ya yanke ruwa ya koma shuɗi mai duhu. Nan suke juyowa. Abin da ke gaba da bakin na maza ne, haka muka taso muka tarar. Wurin ma Dutsen Mata ake ce masa.

Wata rana a watan Yuni na je gaishe ta. Kusi na ta wujijjiga kwakwar gidan, muna shan shayi mai citta a baranda, sai ta ce, "Tunu, wannan tukunyar iskar da kike goyawa, tana da nauyi?"

"A tudu tana da shi, Gwaggo. A ruwa kuwa mantawa ake da ita."

"To ki samo mini ɗaya. So nake in ga abin da ke ƙasan bakin dutsen nan."

Na yi dariya har shayi ya ƙware ni. Matar da ta fi kowa tsine wa aikina ke nan lokacin da na fara. Ita ta laƙaba mini suna Kwaɗo saboda rigar roba da faffaɗan takalmi, har yau yaran Juani da shi suke kirana.

"Dariyar uban me kike, Kwaɗo? Shekara arba'in da ɗoriya ina tsayawa a bakin nan ina leƙe. Turawa su taso daga uwa duniya su gani, ni da ke kwana da shi ban gani ba?"

Da na ga da gaske take sai na gyara zama. Gaskiya abin ya yi mini daɗi. Na ba ta amsar da nake ba kowa: ta bari sai Nuwamba, lokacin ruwa ya kwanta, ya yi ɗumi, za ta hangi gaba goma a gabanta.

Ta ce, "Nuwamba da nisa."

"Ina kike sauri, Gwaggo? Ko wani tsoho ne ya kawo sadaki ba mu ji ba?"

Ta wurge ni da ɓawon kwakwa, bai same ni ba, ya faɗa can gefe. Muka yi dariya, maganar ta wuce.

Da yamma na kira ɗanta Mbaraka, wanda ke aiki a tashar jiragen ruwa ta Dar es Salaam. Taubashina ne, ya girme ni da kaɗan, tun muna yara ba ma gaisawa sai da tsiya. Shi kaɗai ne namiji a wurin Gwaggo, kuma tun rasuwar mahaifinsa ba a yanke komai a kanta sai da shi. Ya yi murna ƙwarai. Ya ce a bari sai Disamba, zai ɗauki hutu, ya zo da na'urar ɗaukar hoto ta ruwa, su nutsa tare da Mama. Har ya fara yi mini bayanin yadda iska ke juyawa, wai ya karanta a waya.

Na ce, "Yaya, kai da jirgin fito ke sa wa jiri, ni za ka koya wa Kusi?"

"Kwaɗo, ba a raina ilimi. Disamba dai. Ki riƙe."

Na ce na riƙe, don a kan wannan shi da ni bakinmu ɗaya.

A bamvua na gaba aka aiko mini in zo. Mata biyu ne suka rirriƙo Gwaggo daga dutse, tafin ƙafarta ta dama cike da ƙayar teku. Na tarar da ita a tabarma tana zagin ƙayar da kakanninta. Na yanko ɗanyar gwanda na shafa mata madararta don ƙayoyin su yi laushi, na zauna da allura ina cirewa ɗaya bayan ɗaya. Ina yi raina na ɓaci. Ƙayar teku baƙa ce wuluk, girman dunƙulen hannu, tsinayenta a miƙe, tana zaune a ruwan da bai kai idon sawu ba. Yarinyar da ta fara bin uwarta dutse jiya ma ba ta taka ta. Na tuna ɓawon kwakwar da ya kauce mini, alhali Gwaggo in ta auna kaza a kan danga ba ta kuskure.

Ta ce in ba ta ruwa. Na ɗebo a kofi, na zagaya ta hagunta, na miƙa shi dab da kuncinta, na tsaya. Tana ta labarin wata maƙwabciya da ta ci mata iyaka a dutse. Kofin na nan, ba ta ko waiwaya ba. Can ta ce, "Ke, ruwan a rijiyar Makka za ki ɗebo shi ne?"

Na ce, "Ga shi a gefen fuskarki, Gwaggo."

Ta juyo da kanta gaba ɗaya, ta nemo kofin, ta karɓa. Sai da ta shanye sannan ta ce in rufe ƙofa.

"Na hagun ya tafi tun azumin bara," in ji ta. "Na daman kuma kamar ina leƙe ta bakin kwalba. Likitocin ido da suka zo Kilindoni sun ce hawan jinin ido ne. Sun ba ni na ɗigawa, sun ce in tafi Dar, amma abin da ya tafi ba ya dawowa. Kuma bakin kwalbar kullum ƙara tsukewa yake, Tunu. A watan jiya ina ganin fuskarki duka. Yau in na kalli idonki, bakinki ya ɓace."

"Mbaraka ya sani?"

"In ya sani ke kika faɗa, kuma ban yafe ba. Ran da ya ji, washegari zai zo ya kwashe ni ya ajiye a saman bene, in zauna ina sauraron motoci. Ko ƙafa ba zai bari in sa a ruwa ba. Ki bar ni in gani tukuna."

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Ta bar ni na yi, sannan ta ce in na gama in ci gaba da cire mata ƙaya. Kafin in tafi muka yi yarjejeniya. Zan kai ta ƙasa, ba sai Nuwamba ba. Ita kuma ran da muka fito, da bakinta za ta gaya wa ɗanta, ta bi shi asibiti ba gardama. Ta ce ta yarda, na sa ta maimaita.

Daga nan na koma ga abin da na iya, wato zaɓen lokaci. Tunda wata ya ƙi, sai a nemi rana. Tsakanin bamvua da bamvua akwai kwanakin da muke kira mataccen ruwa, teku ba ya janyewa da nisa, ba ya cika da ƙarfi, igiyar ruwa ta ƙasa ba ta jan mutum. Kwanakin hutun mata ne, ba mai zuwa dutse. Kusi kuma tana da lalaci da safe, sai hantsi ya ɗaga take tashi da faɗa. In aka dace da safiyar da ruwa ke shigowa, yakan turo mai ɗan tsabta daga waje. Dutsen Mata yana bayan tsibirinmu, ƙasa ta tare masa rabin iskar. Ruwan zai yi kore, zai yi sanyi, ba za a ga abin da ya wuce gaba ɗaya ba. To sai me? Hangen gaba goma na masu ido biyu ne. Ita abin da take buƙata shi ne in kai fuskarta kusa da abu, kuma wannan a kowane wata na iya.

Baba Shomari, matuƙin jirginmu, abokin marigayi mijin Gwaggo ne. Da na gaya masa ya cire hula ya sosa sanƙo.

"A Kusi? Me za ta gani, miyar ganyen rogo? Ke da kike korar Turawa da kuɗinsu ki ce su dawo Nuwamba?"

"Baba, tuƙi na ce ka yi mini, ba fatawa ba."

Ya dube ni ya daɗe. Shi ba yaro ba ne, kuma labarin ƙayar teku ya zagaye Juani. Ya mayar da hularsa ya ce, "Wace rana?"

Da ƙafar ta warke muka fara koyo a wani lungun yashi mai ruwa iya ƙirji. Na zaɓi wurin don ba idon mutane, amma a Juani babu wurin da ba idon mutane. Rana ta biyu ƙawayenta sun yi layi a gaɓa kamar masu jiran amarya. Gwaggo ta yarda ta sa rigar roba, amma sai da ta ɗora doguwar riga a kai, ta ɗaure ɗankwali tamau, wai ba za ta fito kamar akuyar da aka feɗe ba.

Wata ta ɗaga murya, "Mwanakombo, da tsufanki kika zama kwaɗo? Ashe abin a jininku yake!"

Gwaggo ta zare tiyon numfashi daga baki ta ce, "Ku dai ku tsaya nan da busassun ƙafafunku. In na dawo, wadda ta tambaye ni labari sai ta daka mini rogo tukuna."

Numfashi bai ba ta wuya ba. Ta iya fitar da ruwa daga gilashin ido tun kafin wasu samarin da na koya wa. Abin da ya gagara shi ne kwanciya. Matar da ta shekara arba'in tana tafiya a cikin teku da ƙafa, ka ce mata ta kwanta rub da ciki ta bar ruwa ya ɗauke ta? Da na sake ta sai ta miƙe tsaye, ta fara takawa da faffaɗan takalmin nan tana tayar da yashi. Na yi lallashi, na yi faɗa. A ƙarshe na ce ta saƙalo hannunta na hagu a nawa, ta ɗauka gawa ce ita, ni zan yi iyon mu biyu. Ta ce ko ba komai ta samu ta gwada tun kafin ranar mutuwar ta zo. Hakan kuwa ya yi.

Safiyar da na zaɓa ta zo yadda na ce za ta zo. Ganyen kwakwa ko motsi, ruwa na shigowa a hankali. Muna loda tukwane a jirgi wayata ta yi ƙara. Mbaraka ne. Wata daga cikin masu layin gaɓa ta gaya wa 'yarta, 'yar ta gaya wa matarsa.

"Tunu, kina da hankali kuwa?"

"Ina kwana, Yaya."

"Riƙe ina kwananki! Uwata za ki jefa a teku a tsakiyar Kusi? Ba ke da bakinki kika ce ba lokacin nutso ba ne?"

"Ni na faɗa."

"To me ya canja?"

Na dubi Gwaggo. Tana zaune a gefen jirgi cikin rigar roba da doguwar rigarta, ta juyo da kai tana nemana da ɗan ganin da ya rage mata. Da ta same ni sai ta girgiza kai.

Na ce, "A teku ba abin da ya canja."

"Wato don ki nuna kin iya. Kullum haka kike, sai kin nuna kin fi kowa sani. Na ce ki jira ni, na ce tare za mu shiga. Ki ba ni ita."

Gwaggo ta ƙi karɓa. Ta ce a gaya masa bakinta da tiyo.

Muryarsa ta sauka, kuma wannan ya fi ihun ciwo. "Wallahi, Tunu, in wani abu ya sami Mama, babu ni babu ke har abada. Ko bai same ta ba ma, kin ci amanata."

Mutumin da ya goya ni muka tsallake ruwa zuwa makaranta ke nan. Maganar ta soke ni sosai. Amma na duba sama, na duba ruwa, na san ban yi kuskuren rana ba. Na ce, "Na ji, Yaya." Na kashe wayar na miƙa wa Baba Shomari.

Muka tsaya dab da bakin dutsen, Baba ya saki anga. Na shiga, na taimaka wa Gwaggo ta sauko. Sanyin ya sa ta yi salati da ƙarfi. Ina shirin ba ta alamar sauka sai ta ɗaga hannu, ta zare tiyo, ta sunkuyar da kai ga ruwan ta ce, "Salamu alaikum, masu gida. Baƙuwa ce."

Baba Shomari ya maƙe murya daga cikin jirgi ya ce, "Wa alaikumus salam, shigo, amma ki bar tsinkenki a waje."

Ta watsa masa yatsu biyar, ta mayar da tiyo, muka sauka.

Ruwan kore ne kamar yadda Baba ya ce, ɗan datti na yawo a ciki. Muka bi igiyar anga a hankali, ina tsayawa ina duba kunnenta. Numfashinta na fita da sauri, ta riƙe hannuna har ina jin farcenta ta cikin roba. Zurfin bai wuce gaba uku ba. Da muka kai yashi na juya da ita muka fuskanci dutsen, na kunna tocila.

Abin da mata ba su sani ba, bakin Dutsen Mata ba bango ba ne. Ruwa ya cinye ƙasansa ya shige ciki, ya bar saman a rataye kamar rumfa. Na shigar da ita ƙarƙashi, na ɗaga hasken sama, na kai fuskarta kusa. Rufin duka a lulluɓe yake. Akwai ja mai laushi kamar ulu, akwai ruwan goro, akwai ƙananan murjani rawaya masu buɗe baki da rufewa. Jajayen kifaye masu manyan idanu sun jeru a inuwa ba sa motsi. Wani tarin ƙananan kifi masu sheƙi ya buɗe mana hanya ya rufe a bayanmu.

Gwaggo ta fara bin rufin da ido, kanta na tafiya a hankali daga dama zuwa hagu, ta sauko kaɗan ta sake komawa, kamar mai bin layin allo. Ba ta tsallake ko tafin hannu ɗaya ba. Na ji farcenta ya saki. Kumfar numfashinta ta ragu, ta koma fita a natse.

A wani rami muka tarar da pweza, babba. Hannunta na dama ya zabura ya tafi ƙugu neman tsinke, ya tarar ba komai. Sai ta tsaya. Ta kama dubbansu a rayuwarta, amma duk a cikin kokawa, ko a mace a buhu. Wannan yana zaune a ƙofar gidansa yana numfashi, yana kallonta da ido ɗaya. Ya rikiɗe daga ruwan ƙasa ya yi fari, ya sake komawa. Ta miƙa yatsa a hankali. Ya warware bakin hannu ɗaya, ya taɓa ta, ya janye. Na ji wata ƙara ta fito ta cikin tiyonta, na leƙa fuskarta da sauri, ashe dariya take.

Can ciki akwai wata ɓula a rufin inda hasken rana ke saukowa. Ta ja ni muka tsaya a ƙarƙashinta. Ta daɗe tana kallon sama, sannan ta nuna ɓular, ta nuna ƙafarta, ta yi alamar tsallakawa da yatsu biyu. Ta gane wurin. Ramin da take tsallakewa ne duk bamvua in za ta baki.

Da na ga leɓenta ya fara canja launi don sanyi na ba ta alamar tashi. Ta maƙe kafaɗa. Na sake ba ta, da ido a zare, sannan ta bi ni.

A jirgi Baba Shomari ya lulluɓa mata bargo ya zuba mata shayi. Haƙoranta na kaɗawa, ta yi ta kurɓa har ta sha rabi. Kusi ta fara farkawa, jirgin na ɗan rawa. Baba ya kasa haƙuri, ya kira ta da sunan da ya saba kiranta.

"To, Bi Mwana, miyar ta yi gishiri?"

Ta ce, "Shomari, rufi ne."

"Mene ne rufi?"

"Dutsen. Rufin gidan wasu ne. Ni da uwata da kakata muna ta tattaka wa mutane rufi, muna zura musu ƙarfe ta taga, ko sallama babu. Kuma ka ga yadda suka yi wa ɗakin ado? Ko ɗakin amarya albarka." Ta fara dariya, dariyar ta juye kuka, ta ja bargo ta rufe fuska. Baba Shomari ya juya baya ya kama gyaran wata igiya da ba abin da ya same ta.

Ta cika alkawari. Da la'asar ta kira Mbaraka ta gaya masa komai. Kwana biyu ya iso. Ya gaisa da kowa a gidan, da ya zo kaina ya ce "sannu" yana kallon bango. Ya tafi da ita Dar. Likitocin can suka yi aiki a idon dama, suka ce an zo a makare, sai dai a gwada. Ta yi wata huɗu a saman benen nan, kullum tana kirana tana zagin motoci. A Nuwamba ta tayar da ƙayar baya sai da aka dawo da ita Juani. Ran da na je tarbarta ruwa ya kwanta sumul, irin wanda nake yi wa baƙi alkawari. Na tsaya a gabanta na gaishe ta, ta miƙo hannu tana laluben fuskata. Dare da rana kawai take bambancewa.

Mbaraka ya ɗauki hutunsa a Disamba kamar yadda ya tsara. Ya yi kwanaki a Juani ba mu haɗu ba. Sai wata safiya na gan shi a ƙofar gidan nutso, hannu a aljihu, ba na'urar hoto. Bai ce Kwaɗo ba, bai ce Tunu ba. Ya ce, "Kullum sai ta ba ni labarin wurin. Ki kai ni."

Na koya masa a lungun yashin da na koya wa uwarsa. Ranar tafiya Gwaggo ta ce ƙafarta ƙafarmu. Baba Shomari ya zaunar da ita a tsakiyar jirgi, ya ɗora hannunta a gefen da muka shiga ta nan, ya ce ga inda suka sauka.

Ban taɓa ganin Dutsen Mata ya yi kyau kamar ranar ba. Tun daga sama ana ganin anga kwance a yashi. Rana ta ratsa har cikin rumfar, ko tocila ban kunna ba. Mbaraka ya shiga ƙarƙashi ya ɗaga kai. Ya dubi rufin, ya dubi ɓular, ya juyo ya dubi shuɗin ruwan da ya miƙe ba iyaka a bayanmu. Sannan ya dube ni ta cikin gilashi, ya daɗe, ni ma ban kawar da ido ba.

Ruwa ya ɗan ja mu, muka fito ta ɗaya gefen jirgin, wajen tsani. Baba Shomari ya ce, "Bi Mwana, ga su sun fito."

Gwaggo ta sunkuya ta gefen da aka ɗora mata hannu, ta ba mu baya, tana magana da ruwan da ba kowa a cikinsa. "Mbaraka! Ka shiga ciki? Ka ga jan nan mai laushi? Ka matsa kusa kuwa, ko daga nesa ka tsaya irin na 'yan birni? Mbaraka, ka gani?"

Yana riƙe da tsani, ƙafarsa ɗaya a kan matakala. Baba ya buɗe baki zai ce mata ta juyo, Mbaraka ya ɗaga masa hannu. Ya saki tsanin, ya koma ruwa da tukunyarsa a baya, ya zagaya ta gaban jirgin a hankali har ya iso daidai inda fuskarta ke kallo. Ya cire gilashin, ya kama hannunta da ke gefen jirgi.

Ya ce, "Ga ni, Mama. Na gani."